Jirgin Yaƙin Indianapolis: Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikinsa, Nutsewarsa da Shari'ar Kyaftin Ɗinsa

A daren Lahadi wayewar Litinin, 30 ga Yuli 1945, saura makonni biyu Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Indianapolis ya nutse a Tekun Filifins da mutum 1,195 a cikinsa. Mutum 316 ne suka tsira. Rundunar sojin ruwan Amurka ba ta taɓa asarar rayuka masu yawan haka a jirgi guda a tsakiyar teku ba, kafin wannan rana ko bayanta. Makamin abokan gaba ya kashe kusan 300. Sauran duk jira ne ya kashe su, suna shawagi a kan ruwa kwana da kwanaki, babu wanda ya fita nemansu. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan jirgi.

Wane irin jirgi ne Indianapolis?

Yana cikin ajin jiragen da ake kira kuruza, wato matsakaitan jiragen yaƙi. Bai kai manyan jiragen daga masu kaurin sulke ba, amma ya fi ƙananan jiragen rakiya girma nesa ba kusa ba. Amfanin kuruza shi ne gudu da dogon zango: ya raka jiragen dakon jiragen sama, ya yi luguden wuta a kan tsibirai kafin sojoji su sauka, ya kai manya inda za su je da wuri.

An ƙera shi a garin Camden na jihar New Jersey. An sa shi a ruwa a watan Nuwamba 1931, ya fara aiki ranar 15 ga Nuwamba 1932. Tsawonsa mita 186, yana ɗauke da manyan bindigogi 9 masu faɗin baki inci 8, gudunsa kuma yakan kai kilomita 60 a sa'a.

Akwai abu ɗaya a ƙirarsa da ya kamata a riƙe, domin zai yi tasiri daga baya. Yarjejeniyar Washington ta 1922 ta hana manyan ƙasashe ƙera irin wannan jirgi ya haura tan 10,000. Da yake masu ƙira ba sa son rage bindigogi ko inji, sai suka rage sulke. Ga shi kuma a tsawon yaƙin an yi ta ɗora masa ƙarin bindigogin kakkaɓo jiragen sama da na'urorin rada, har samansa ya yi nauyi. Jirgi irin wannan idan ruwa ya shige shi ta gefe guda, kifewa ba ta yi masa wuya.

Wace rawa ya taka kafin nutsewarsa?

Tun kafin yaƙi jirgin manya ne. Shugaba Franklin Roosevelt ya sha hawansa, kuma shi ya kai shi ziyarar Kudancin Amurka a 1936, zuwa Burazil da Ajantina da Yurugai.

Ranar 7 ga Disamba 1941 da Japan ta afka wa tashar sojin ruwan Amurka ta Pearl Harbor a Hawai, Indianapolis ba ya tashar. Yana atisaye a wajen tsibirin Johnston, shi ya sa ya tsira. Daga nan ya shiga yaƙi gadan-gadan. Ya yi aiki a ruwan New Guinea, ya tafi tsibiran Alushiya can arewa inda sanyi da hazo suka fi abokan gaba wahalar da mutane, a can ne ma ya nutsar da wani jirgin dakon kayan Japan mai suna Akagane Maru a Fabrairu 1943. Daga ƙarshen wannan shekara Adimiral Raymond Spruance, kwamandan Runduna ta Biyar, ya mai da shi mazauninsa. Daga cikinsa aka ja ragamar yaƙe-yaƙe da dama: Tarawa, tsibiran Marshall, Saifan, yaƙin Tekun Filifins na Yuni 1944, Iwo Jima, har zuwa Okinawa. Ya samu lambar yabon yaƙi 10.

A Okinawa ne ya fara jin jiki sosai. Da safiyar 31 ga Maris 1945 wani jirgin saman Japan ya faɗo masa ya saki bam. Bam ɗin ya huda benayen jirgin ɗaya bayan ɗaya, ya fita ta ƙasa, ya fashe a cikin ruwa. Mutum 9 suka mutu. Da ƙafarsa ya tsallaka Tekun Pasifik zuwa ma'aikatar gyara ta Mare Island a Kalifoniya. Wannan gyara ne ya sa yana kusa a lokacin da ake neman jirgi mai gudu don wani aikin sirri.

Wane kaya ne ya ɗauka a tafiyarsa ta ƙarshe?

Sassan bam ɗin nukiliyar da aka jefa wa Hiroshima, tare da wani kaso na tataccen yuraniyom ɗin da ke cikinsa. An kawo wani babban akwatin katako aka ajiye a rumfar jiragen saman da ke bisa jirgin, sojoji suna gadinsa dare da rana. Yuraniyom ɗin kuwa a tukunyar ƙarfe aka zuba shi, aka ɗaure ta tamau a ƙasan wani ɗakin hafsoshi. Jami'ai biyu suka rako kayan, Manjo Robert Furman da Kyaftin James Nolan, suna shigar hafsoshin atilare, alhali ɗaya injiniya ne ɗaya kuma likita. Ko kyaftin ɗin jirgin, Charles McVay, ba a gaya masa abin da ya ɗauka ba.

Jirgin ya bar San Francisco ranar 16 ga Yuli 1945, sa'o'i kaɗan bayan gwajin bam ɗin nukiliya na farko a hamadar New Mexico. Ya isa Pearl Harbor cikin sa'a 74 da rabi, gudun da ba a taɓa yi a wannan hanya ba. Ranar 26 ga Yuli ya sauke kayan a tsibirin Tiniyan. Daga wannan tsibiri jirgin sama ya tashi ranar 6 ga Agusta ya nufi Hiroshima.

Don haka lokacin da aka harbe shi, babu bam a cikinsa. Ya riga ya sauke kwana huɗu kafin nan.

Daga Nijar aka haƙo wannan yuraniyom?

A'a. Ba a gano yuraniyom a Nijar ba sai a 1957, haƙarsa a Arlit kuwa sai 1971. Amma dai daga Afirka mafi yawansa ya fito, daga mahaƙar Shinkolobwe ta lardin Katanga a Kwango, wadda Beljiyam ke mulka a lokacin.

Yaƙin kansa kuwa ya taɓa mu kai tsaye. Japan ɗin da Indianapolis ke yaƙa a teku ita ce kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da ita a dazuzzukan Bama. Miƙa wuyan da ya biyo bayan Hiroshima da Nagasaki shi ya kawo ƙarshen yaƙin ga su duka.

Me ya sa aka bar shi ya tafi shi kaɗai ba rakiya?

Daga Tiniyan ya wuce Guwam, aka umarce shi ya tafi Leyte a Filifins, tafiyar sama da kilomita 2,000, domin mutanensa su samu horo. Da yawa daga cikinsu sababbi ne, matasan da aka zuba wa jirgin lokacin gyara. Ya tashi ranar Asabar 28 ga Yuli, ana sa ran isarsa ranar Talata 31 ga wata.

Indianapolis ba shi da na'urar jin motsin jirgin ƙarƙashin ruwa. Wannan aikin ƙananan jiragen rakiya ne. McVay ya yi maganar rakiya a Guwam, aka ce masa babu bukata, hanyar lafiya lau take, yaƙi ya matsa arewa.

Abin da ba a gaya masa ba ya fi abin da aka gaya masa muhimmanci. Kwana huɗu kafin ya tashi, ranar 24 ga Yuli, Japanawa sun nutsar da jirgin rakiyar Amurka mai suna Underhill a wannan teku. Sannan masu leƙen asirin Amurka sun daɗe da fasa lambobin sirrin sojin ruwan Japan, sun kuma san an tura wasu jiragen ƙarƙashin ruwa wannan yanki. Amma an killace wannan sani a hannun 'yan ƙalilan, don gudun kada Japan ta gane ana karanta saƙonninta. Dalili ne mai ƙarfi a lokacin yaƙi, ba a musu. Sai dai ana iya ba jirgi rakiya ko a canza masa hanya ba tare da an faɗa wa kowa dalili ba, kuma ba a yi ko ɗaya ba.

Yaya aka yi aka harbe shi?

Umarnin da aka ba McVay ya ce ya riƙa tafiyar karkace, wato ya yi dama ya yi hagu don rikita mai auna shi, amma an bar masa zaɓin lokacin da ya ga ya dace. Da yammacin Lahadi gari ya yi gajimare, ba a gani sosai, sai ya ba da umarnin a miƙe hanya. Ya tafi ya kwanta.

Wajen ƙarfe 11 na dare wata ya leƙo ta tsakanin gajimare. A daidai lokacin jirgin ƙarƙashin ruwan Japan mai lamba I-58 ya taso sama, masu tsaronsa suka hango wani baƙin abu a gabas, hasken wata a bayansa. Kwamandansa, Mochitsura Hashimoto, ya nutse ya yi kwanton ɓauna, abin farautarsa yana tahowa kusan kai tsaye wajensa. Yana ɗauke da irin makaman nan da mutum ke shiga ciki ya tuƙa su har ya mutu tare da su, amma bai ga bukatarsu ba. Ya saki tofido guda 6, wato bama-bamai masu gudu a ƙarƙashin ruwa. Jim kaɗan bayan sha biyun dare biyu suka samu Indianapolis ta gefen dama. Na farko ya kusan cire masa baki, na biyu ya fashe kusa da tankunan mai da ma'ajiyar albarushi.

Nan take wuta ta ɗauke, wayoyin cikin jirgi suka mutu. Babu hanyar gaya wa ɗakin inji ya tsaya, saboda haka jirgin ya ci gaba da gudu da baki a buɗe yana kwankwaɗar ruwa. Saboda tsananin zafi, an bar ƙofofin ciki da dama a buɗe don iska, ruwa kuwa ya bi ta nan. Umarnin barin jirgi sai da baki aka riƙa isar da shi. Cikin minti 12 ya kife, ya ɗaga bayansa sama, ya shige. Masu rediyo sun ce sun aika kiran neman agaji kafin ya nutse. Rundunar ta ce bai iso ta ba.

Kusan mutum 890 suka samu kansu a ruwa. Ba a samu damar sauke kwale-kwalen ceto ba, sai 'yan gadajen roba da raga masu shawagi. Da yake jirgin na tafiya mutane na dira, sun warwatsu ƙungiya-ƙungiya a faɗin kilomitoci masu yawa, wasu ba sa ma ganin wasu.

Jirgi mai mutum sama da dubu ya ɓace, yaya za a ce ba wanda ya lura?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ɗaci. Amsarta kuwa ba mugunta ba ce, sakaci ne da ya ratsa ofisoshi da yawa, kowa ya ɗauka wani ne ke da alhakin.

A Guwam akwai allon da ake bin tafiyar jirage a kansa. Ba da rahoton gaskiya ake matsar da alamar jirgi ba, da lissafin inda ya kamata ya kai ake yi. Da ranar isarsa ta cika, sai aka cire alamarsa, an ɗauka ya isa. A Leyte ma haka aka rubuta.

Akwai wani ƙaramin hafsa a tashar Leyte da ya lura jirgin bai shigo ba. Amma akwai doka da ta ce kada a riƙa aika rahoton isowar jiragen yaƙi, don rage cunkoson saƙonni da kuma tsaro. Dokar ba ta ce komai game da jirgin da bai iso ba, sai aka fahimce ta a kan shi ma ba sai an faɗa ba. Ga shi kuma an saba da Indianapolis jirgin Adimiral ne, ana iya karkatar da shi wani wuri a kowane lokaci. Hafsan ya yi shiru.

Manyan kwamandoji biyu ne aka aika wa labarin zuwansa. Ofishin ɗaya ya karɓi saƙon a gurguje ba a warware shi daidai ba, kuma ba a nemi a sake aikowa ba. Ɗayan bai samu cikakken bayanin ranar isowa ba.

Na ƙarshe ya fi ban takaici. Hashimoto ya aika wa Japan rahoton cewa ya nutsar da babban jirgin yaƙi. Amurkawa sun kama saƙon, sun fassara shi, suka ajiye shi gefe, domin a ganinsu Japanawa sun saba cika baki, ko kuma tarko ne. Da an tura jirgin sama guda ya leƙa wannan hanya ranar Litinin, da ɗaruruwan mutane sun koma gida.

Me ya faru da su a cikin ruwa?

Baƙin man jirgi ya rufe saman teku, ya rufe su ma. Ya shiga idanu, ya shiga ciki, mutane suka yi ta amai. Waɗanda wuta ta ƙone da masu manyan raunuka yawancinsu ba su kai wayewar gari ba.

Da rana, rana ta gasa kawunansu, ƙyallin ruwa ya makantar da wasu, har suka riƙa yaga tufafi suna ɗaure idanu. Da dare sanyi ya shiga ƙashi, domin ko ruwa mai ɗumi ne, idan jiki ya daɗe a ciki yana zuƙe masa zafi. Ruwan gishiri ya jiƙa fata har ta fara saɓulewa, rigar ceto na goga wuya da haɓa har su zama gyambo.

Rigunan ceton da audugar rimi aka cusa su. Audugar rimi ba ta saurin shan ruwa, shi ya sa ake amfani da ita, amma an ƙiyasta aikinta a kan kwana biyu ne. Bayan nan ta fara jiƙewa. Zuwa rana ta uku da ta huɗu mutum ya nutse har haɓa, idan gyangyaɗi ya ɗauke shi fuskarsa ta faɗa ruwa, shi ke nan.

Ƙishirwa ta fi komai. Mutum yana tsakiyar ruwa, ruwan garai-garai kamar na randa, ba dama ya sha. Babban likitan jirgin, Lewis Haynes, ya yi ta iyo daga wannan zuwa wancan yana roƙonsu kada su sha. Waɗanda suka kasa daurewa suka sha, cikin 'yan sa'o'i hankalinsu ya gushe, suka mutu. Daga rana ta uku gane-gane suka fara. Wani ya ce ga tsibiri can, ya kama iyo, wasu suka bi shi, ba a sake ganinsu ba. Wani ya ce jirgin na nan ƙasa kaɗan, famfonsa na zubar da ruwan sanyi, ya cire riga ya nutsa. A wasu ƙungiyoyin tsoro ya sa aka riƙa ganin abokin zama a matsayin Bajapane, aka far wa juna.

Duk da haka an ga mazantaka. Haynes yakan duba wanda ya mutu, ya kwance rigarsa ya ba wanda ba shi da ita, ya cire lambar wuyansa ta ƙarfe don a san sunansa, ya yi masa addu'a ya sake shi. Ya tara lambobin har suka yi masa nauyin da ba zai iya riƙewa ba. Limamin Kiristan jirgin, Fada Thomas Conway, ya yi ta zagaya mutane yana kwantar musu da hankali har ƙarfinsa ya ƙare, ya mutu a ruwan. Kyaftin Edward Parke na sojin kundumbala ya sha ba da rigarsa ga wasu, yana tattaro waɗanda igiyar ruwa ta ja, shi ma bai fita ba.

Gaskiya ne kifayen shak ne suka cinye yawancinsu?

Shak sun zo tun safiyar farko, kuma ba su tafi ba. Mutanen suna ganinsu suna kewaya ƙarƙashin ƙafafunsu. Sun fara da gawarwaki, sannan suka koma kan masu rauni da waɗanda suka ware daga jama'a. Ƙiyasin waɗanda suka kashe da ransu ya kama daga 'yan gomomi zuwa 150.

Amma yawancin mutanen ƙishirwa, shan ruwan gishiri, raunuka, sanyi da gajiya ne suka kashe su. Labarin shak ya mamaye komai saboda ya fi tayar da tsigar jiki, musamman bayan fim ɗin Jaws na 1975, inda wani ɗan wasa ya ba da labarin jirgin. A ganina yawan maganar shak yana da illa guda: yana sa a manta da mutanen da ke zaune a ofis. Kifi ba shi da allon bin jirage.

To wa ya gano su?

Ƙaddara ce kawai. Ranar Alhamis 2 ga Agusta da hantsi, Laftanar Wilbur Gwinn yana sintirin yau da kullum a jirgin samansa. Wayar eriyarsa ta samu matsala, ya bar kujerar tuƙi ya koma bayan jirgi yana gyara, ya leƙa ƙasa ta tagar ciki, sai ya ga shatin mai a kan teku. Ya zaci jirgin ƙarƙashin ruwan Japan ne, ya sauko da niyyar jefa bam. Da ya matso sai ya ga kawunan mutane, baƙi ƙirin da mai. Bai san ko su wane ne ba, domin babu rahoton ɓatan wani jirgi.

Laftanar Adrian Marks ya biyo baya da jirgin sama mai sauka a ruwa. Doka ta hana sauka a tsakiyar teku mai igiya, amma da ya ga shak na ɗaukar mutane a gaban idonsa, ya shawarci yaransa, suka sauka. Ya riƙa bin waɗanda suke su kaɗai, domin su ne suka fi shiga haɗari. Da cikin jirgin ya cika, sai aka riƙa ɗora mutane a kan fukafukai ana ɗaure su da igiyar laima don kada su zame. Mutum 56 ya kwasa. Jirgin bai sake tashi ba, washegari aka nutsar da shi.

Jirgin ruwan farko da ya iso shi ne Cecil J. Doyle. Kyaftin ɗinsa, Graham Claytor, bai jira umarni ba, ya juya ya taho da cikakken gudu. Da dare ya yi, ya kunna babbar fitilarsa ya haska sama, duk da ya san yana tallata kansa ga duk wani jirgin abokan gaba da ke kusa. Waɗanda suka tsira da dama sun ce wannan haske ne ya hana su sakin jiki a daren ƙarshe. Wasu jirage suka biyo baya, ciki har da Bassett da Ringness, wanda ya tsamo McVay ranar 3 ga wata. An ci gaba da bincike har 8 ga Agusta, amma a ƙarshe gawarwaki kawai ake samu.

Me ya sa labarin bai girgiza duniya a lokacin ba?

Gwamnati ta riƙe shi kusan mako biyu, ta sake shi a daidai lokacin da Shugaba Truman ya sanar da miƙa wuyan Japan. Jaridun 15 ga Agusta sun cika da murnar ƙarewar yaƙi, labarin Indianapolis ya koma ƙasan shafi. Iyalai 879 kuwa suna karɓar saƙon rasuwa, maƙwabta na kiɗa a titi.

Da wane laifi aka gurfanar da Kyaftin McVay?

Amurka ta yi asarar ɗaruruwan jirage a wannan yaƙi, amma McVay ne kaɗai kyaftin ɗin da aka kai kotun soja saboda abokan gaba sun nutsar da jirginsa. Adimiral Chester Nimitz, kwamandan Pasifik, bai goyi bayan shari'ar ba, ya ce takardar gargaɗi ta isa. Babban hafsan sojin ruwa, Adimiral Ernest King, ya dage, Sakataren sojin ruwa James Forrestal ya amince.

An fara zama a Washington ranar 3 ga Disamba 1945 a kan tuhuma biyu: jinkirin ba da umarnin barin jirgi, da jefa jirgi cikin haɗari ta hanyar daina tafiyar karkace. An wanke shi daga ta farko, aka same shi da laifi a ta biyu, aka mayar da shi baya a jerin masu jiran ƙarin girma.

A duba yadda aka tsara tuhumar. Ta tsaya a kan abin da ya faru kafin jirgin ya nutse, saboda haka kwanaki huɗun da aka yi ba a neme su ba, ba su shigo gaban kotu ba. Bayanan sirrin da aka ɓoye masa ma ba a kawo su ba, domin a lokacin sirri ne. An hukunta mutum a kan bai kauce wa haɗarin da waɗanda suka tura shi suka sani suka ƙi gaya masa ba.

Da gaske an kawo kwamandan Japan ya ba da shaida?

Ƙwarai. Wata huɗu da ƙare yaƙi aka ɗauko Hashimoto daga Japan zuwa Washington, abin da ya harzuƙa jama'a da 'yan majalisa. Masu gabatar da ƙara ne suka kawo shi, amma shaidarsa ba ta yi musu daɗi ba: ya ce ko da jirgin na tafiyar karkace, da ya same shi. Wani gogaggen kwamandan jirgin ƙarƙashin ruwan Amurka, Glynn Donaho, shi ma ya shaida cewa karkacewa ba ta hana ƙwararren maharbi samun abin da ya auna. Kotu ta ji duka biyun, ta yanke hukuncinta.

Yaya rayuwarsa ta ƙare?

A 1946 an ɗage masa hukuncin bisa shawarar Nimitz, amma laifin ya zauna a takardunsa, bai kuma sake jan jirgi ba. Ya yi ritaya a 1949. Shekara da shekaru wasu daga iyalan mamatan suna aiko masa da wasiƙun zagi da tsinuwa, har a lokutan bukukuwa. Ba za a ga laifin mahaifiyar da ta rasa ɗa ba. Sunan da hukuma ta miƙa mata ke nan.

Mutanensa da suka tsira kuwa ba su taɓa juya masa baya ba. Da suka yi taronsu na farko a birnin Indianapolis a 1960, sun gayyace shi, suka tarbe shi da girmamawa. Ranar 6 ga Nuwamba 1968 ya kashe kansa a gidansa da ke Litchfield a jihar Connecticut, yana da shekara 70.

An wanke shi daga baya?

An yi, bayan shekara 55. Tsofaffin sojojinsa sun daɗe suna fafutuka ba a saurare su ba, sai da wani ɗan makaranta daga Florida mai suna Hunter Scott ya ɗauki batun a matsayin aikin gasar tarihi, yana da shekara 11 zuwa 12. Ya rubuta wa waɗanda suka tsira, ya tattara shaidunsu da takardu masu yawa, 'yan jarida suka ɗauka, har ya tsaya gaban kwamitin Majalisar Dattawa a 1999. A lokacin an riga an buɗe bayanan sirrin da aka ɓoye a 1945. Hashimoto, wanda ya tsufa yana hidima a wani wurin bautar Shinto a Kyoto, ya rubuta wa Sanata John Warner wasiƙa yana goyon bayan a wanke abokin gabarsa na da.

A Oktoba 2000 majalisa ta zartar da ƙudurin cewa McVay ba shi da alhakin asarar jirgin, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Hashimoto ya rasu 'yan kwanaki kafin sa hannun. A Yuli 2001 Sakataren sojin ruwa Gordon England ya sa aka saka wannan a fayil ɗin McVay. Hukuncin kotun sojan kansa dai ba a soke shi ba, domin ƙudurin majalisa ba ya goge hukuncin kotu.

To laifin wa ne?

Nutsar da jirgin aikin yaƙi ne. Hashimoto ya yi abin da aka aike shi, kamar yadda Indianapolis ya yi wa Akagane Maru. Kyaftin kuma yana da alhakin jirginsa, McVay bai taɓa musun wannan ba. Ana iya cewa da ya bar umarnin a koma karkacewa idan wata ya fito. Amma ko an ɗora masa wannan, iyakarsa mutum 300 na farko. Sama da 500 da suka mutu a ruwa, alhakinsu na kan tsarin da ya tura jirgi ba rakiya, ya ɓoye gargaɗi, ya kuma share sunansa daga allo ba tare da wani ya gan shi da ido ba.

An ba wasu hafsoshi huɗu na tudu takardun gargaɗi, daga baya aka janye su duka. Rundunar ta gyara dokarta, ta wajabta kai rahoton duk jirgin da ya makara nan take. Wannan gyara shi kansa shaida ne cewa ta san inda ɓarakar take. McVay dai aka rataya wa jakar tsaba.

An taɓa gano inda jirgin yake kwance?

An gano shi ranar 19 ga Agusta 2017. An sha nema a baya ba a dace ba, saboda ba a san takamaiman wurin ba. A 2016 wani masanin tarihi na rundunar, Richard Hulver, ya gano cewa wani jirgin dakon sojoji mai lamba LST-779 ya gamu da Indianapolis sa'o'i kaɗan kafin a harbe shi. Littafin tafiyar wannan jirgi ya nuna ya kamata a matsa da bincike yamma. Jirgin bincike mai suna Petrel, wanda a lokacin mallakar attajiri Paul Allen ne, ɗaya daga waɗanda suka kafa Microsoft, ya same shi a zurfin kusan mita 5,500. Sanyi da ƙarancin iska a wannan zurfi sun adana shi, har lambarsa 35 ana iya karantawa a jikinsa. Bakinsa yana kwance daban, nesa da gangar jikin.

Dokar Amurka ta ɗauke shi a matsayin maƙabartar soja. Ba a taɓa komai a cikinsa, kuma ba a bayyana ainihin wurin ga jama'a ba. A 2018 rundunar ta sake bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa an daɗe ana ƙirga wani mutum da ya sauka kafin tafiyar ƙarshe. Daga nan aka tsayar da adadin a kan 1,195 a cikin jirgi, 879 sun mutu, 316 sun tsira.